Shekarata 44, in koma yaron warsha?

Direban Safa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Ni direban gida ne a nan Jidda, abin da ke rubuce a iƙamata, wato katin zamana a ƙasar, ke nan. Na daɗe a gidan da nake, yaran da nake kaiwa firamare da na zo su ne yanzu a jami'a. Tun da aka ba mata damar tuƙi a 2018 aikin ya fara ja da baya. Babbar ƴar gidan ta ciro ruksa, wato lasisin tuƙi, ƙanwarta ta bi sahu, yanzu uwargidan ma ita ke kai kanta wurin aiki. Abin da ya rage mini shi ne kai tsohuwar gidan asibiti, cefane, sai Umra jefi-jefi. Sai in wuni ban tada mota ba. Kafilina, wato maigidan da zamana a ƙasar ke hannunsa, mutumin kirki ne, bai taɓa riƙe mini ratibi, wato albashi, ba, amma kwanan baya ya zaunar da ni ya ce in fara tunanin gaba, don da wuya ya sabunta mini iƙama bayan wannan.

To akwai wani ɗan Yaman da ke zuwa gyara mana mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ya lura duk zuwansa ina tsaye a kansa ina miƙa masa kaya, sai ya ce in ina so in riƙa leƙo warsharsu, wato shagon gyaransu, bayan Isha ya koya mini. Raina ya biya, amma wallahi tsoro nake ji. Tunda nake ban riƙe komai ba sai sitiyari. Bokona a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, in na ga wayoyin nan ja da baƙi da ruwan ɗorawa sun cakuɗe, kaina juyawa yake. Shekarata 44, ga iyali a Kano suna jiran ƙarshen wata. In zuba kuɗi da ƙarfi in zo in kasa fa? Ko in lallaɓa in nemi wani gidan in ci gaba da tuƙin da na sani?

Almajirin Madina:
Wa alaikumus salam. Yayana, Allah ya warware maka. Ni dai cewa zan yi ka yi istihara ka shiga. Abdurrahman bin Auf ya iso garin nan da nake rubutu daga cikinsa hannu rabbana, dukiyarsa na can Makka. Sa'adu bin Rabi'u ya ce zai raba tasa biyu ya ba shi rabi, ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Aka nuna masa kasuwar Banu Ƙainuƙa, garin da bai sani ba, mutanen da bai sani ba, ya je ya dawo da ɗan cuku da man shanu. Kowa ya san inda ya kai daga baya. Arziki na Allah ne, tsoron talauci kuma Shaiɗan ne ke zuga shi.

Ɗan Karantina:
Ustaz, Allah ya ƙara wa Abdurrahman yarda, amma shi ba shi da kafili, kuma ba a rubuta masa mihna, wato sana'ar da aka yarda ya yi, a kati ba.

Malam Direba, ranar da ƴan taftish, masu binciken wuraren aiki, suka leƙa warshar nan suka same ka da sukundireba a hannu, ba wanda zai tsaya sauraron "ai koyo nake". Sunanka mai aiki a wurin wanda ba kafilinsa ba. Tara ce da tsarewa da tarhil, wato a kora ka gida, kuma mai warshar shi ma sai ya ɗanɗana. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ai an sassauta kafala. An sassauta, gaskiya ne, a watan Maris na 2021, ma'aikacin kamfani yana iya canza wurin aiki bayan ya cika shekara ba sai kafili ya yarda ba. Amma ba a saka ƴan aikin gida a ciki ba. Direban gida da shagala, wato ƴar aiki, da mai ban ruwan lambu duk an ware su, lissafinku daban ne.

A gida in ka gwada sana'a ta ƙi, kunya ce kawai, ka shige ɗaki kwana biyu ka fito. A nan in ta ƙi Shumaisi ce, inda ake tsare waɗanda za a kora, a ɗauki zanen yatsunka a sa ka a jirgi da kayan jikinka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Baban Shara Mansur:
Ɗan Karantina, maganarka ta doka ba na ja da ita. Karin maganar da ka rufe da ita ce ban karɓa ba. Da iyayenmu sun bi ta, da babu Bahaushe ko ɗaya a Makka yau.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ƙafa da jaki ya baro ƙasar Haɗejiya, Larabcinsa bai wuce na allo ba. Ya bi ta Barno, ya wuce Fort Lamy da kuke ce wa Injamena, ya wuce Abeshe, ya shiga Sudan ta Junaina. Tun kafin ya kai tsakiyar Sudan guzuri ya ƙare. Mutumin da bai san komai ba sai noman gero da dawa, ya tsinci auduga a gonakin Jazira, ya yi dako, har ya haɗa kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Da ya iso nan ya yi ga-ruwa, gwangwani biyu a sanda, yana hawa duwatsun Makka yana kai wa gidaje. Da kafaɗa ta gaza ya je ya durƙusa gaban wani Bakano ya koyi tsire, wannan tsiren da Larabawan Hijaz ke yi wa layi yanzu. Babu ɗaya a cikin sana'o'in nan da ya gada. Kuma lokacin da ya kama ta ƙarshen ya girme ka, Direba, da furfurarsa yake fifita wuta ana aikensa.

Ɗan Karantina:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ba musu nake da ku ba, amma ku ƴaƴan waɗanda suka iso ne. Waɗanda ƙishirwa ta kashe a hanya, da waɗanda teku ta ci, da waɗanda suka maƙale a Sudan har suka mutu ba su ga Ka'aba ba, su ba su da jika a zauren nan da zai ba da nasu labarin. Kullum na wanda ya tsallake muke ji.

Ɗan Mai Wurno:
Suna da jika, ga ni nan, ya zol.

Kakannina na cikin waɗanda ka ce sun maƙale. Suna cikin jama'ar da ta bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi a 1903. Niyyarsu gabas ce, ba su kai ba. Suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, zangon ya zama gari. Kakana bai taɓa ganin Makka ba. In kai wannan kake kira kasawa, mu dai a gonar da ya sare muka ci muka girma, ni kuma na zo na yi masa hajji.

Mu dawo kan Malam Direba. Aikin nan da kake tsoro da shi nake ci, fanni ne ni, wato mai gyara, a wani kamfanin siyana, masu kula da gyare-gyare, a Makka, otal-otal muke bi. Bari in rage maka fargaba. Mafi yawan kiran da ake yi mana ba wani ilimin injiniya ba ne a ciki. Ko datti ya toshe mukayyif yana son wanki, ko magudanar ruwa ta cushe yana ɗiga a bango, ko kabasta, ƴar gwangwanin da ke taimaka wa injin tashi, ta mutu ka ji kwamfiresa na gurnani ya kasa tashi, ko gas ya zurare ta inda aka ɗaure bututu. Wayoyin da ke juya maka kai kuwa, kwamfiresa ƙafa uku gare shi, an rubuta musu C da R da S, kuma a jikin murfin kowane inji akwai zanen inda kowace waya ta nufa. Mutumin da ya haddace kubrin Jidda, wato gadojinta, da mafitarsu, ya san inda kowace kyamarar Sahir mai kama masu karya dokar hanya take laɓe, ba zanen waya shida ne zai gagare shi ba.

Amma maganar warsha, ina bayan Ɗan Karantina ɗari bisa ɗari. Kada ka taka. Ka je Haraj Sawarik, kasuwar gwanjo can kudancin Jidda, ka sayi mataccen mukayyif na taga, irin wanda aka jibge a gefe ana sayarwa kamar ƙarfen bola. Ka kai ɗakinka. Naka ne, ba wanda zai tuhume ka don ka kwance kayanka. Ka kwance shi ka ɗaura, ka sake kwancewa, kafin ka cire kowace waya ka ɗauki hoto. Sannan gidan kafilinka mukayyif nawa ne a ciki? Ga makaranta nan a ƙarƙashin hancinka. Duk ranar da ɗan Yaman ya zo, ka ce wa maigida ya bar ka ka kama masa.

Ummu Rayyan:
Salamu alaikum. Ni ba na cika magana a nan ba amma wannan ta taɓa ni.

A Sabil aka haife ni, a nan na yi aure, a nan nake tuyar waina tun ina amarya. Ban taɓa neman mai saye ba, ƙamshi ke kiransu, kafin ƙarfe tara na safe ƙullu ya ƙare. Sai ga rusau. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka kwashe Sabil da Kandara da Gulail da Petromin da Karantinar su wannan mai gardamar. Wanda bai ga jan fenti a bangon gidansa ba ba zai gane ba. Maƙwabtan shekara da shekaru kowa ya kama gabansa, wasu Makka, wasu Bahra, mu muka koma can gabas bayan titin Haramain, cikin mutanen da ba su san mene ne waina ba. Na zauna wata da watanni tanda na kife.

Ƴata ce ta ce, Mama mutanenki suna nan, warwatsewa kawai suka yi, ki bi su. Ta koya mini sa hoto a WhatsApp da Snapchat, muka yi rajistar usar muntija, ta iyalai masu sana'a a cikin gida. Oda ta fara shigowa, amma kuɗin mandub, mai kai wa mutane kaya, yana cinye ribar. Halas, na ce zan koyi mota. Ina da jika a lokacin. A makarantar tuƙi ƴan mata sa'o'in ƴata suna ce mini hala, wato inna, suna tashi su ba ni kujera, ni kuma in na zauna a bayan sitiyari ƙafata rawa take a kan birki har malamar tana gani. Fakin ɗin baya ya kayar da ni a jarrabawa. Na dawo gida na yi kuka, ba don motar ba, don na riga na gaya wa dangin mijina. Na koma na ci. Yau ni nake kai wainata da yajina har unguwar Safa ɗin da kake.

Direban Safa:
Hajiya ashe ku ne kuka cinye mana aiki, kuma kika zo kina ba ni shawara.

Ummu Rayyan:
Mu ne, kuma ba mu gama ba. Jirgin ƙasan Haramain ma yanzu akwai mata a gabansa. Da aka nemi mata 30 a 2022, 28,000 ne suka nema. Ka yi sauri ka kama mukayyif ɗin kafin mu iso.

Ɗan Karantina:
Hajiya, da girman kujerarki, ke mai jinsiyya ce, ƴar ƙasa. Kin faɗi jarrabawa kin yi kuka kin koma. Rajistar da kika yi ta ƴan ƙasa ce, shi ko ƙofar ba za a buɗe masa ba. Ba ɗaya kuke ba.

Wan matata ma haka aka yi ta zuga shi, a gwada, a yi ƙarfin hali. Ya kwashe tarin shekaru ya buɗe shagon kayan waya da sunan wani ɗan ƙasa, a kan zai riƙa ba shi wani abu duk wata. Da shago ya kama, mutumin ya zo da takardu ya ce nasa ne. Kuma a takarda nasa ɗin ne. Ina zai kai ƙara? Ya je ya ce na yi tasattur, wato na ɓoye kasuwancina da sunan ɗan ƙasa, an cuce ni? Laifin da hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5? Ya haɗiye, hawan jini ya kama shi, yanzu yana gida ƙannensa ke ciyar da shi. Duk waɗanda suka ce masa sai an gwada akan san na ƙwarai, ko ɗaya bai aika masa da kuɗin magani ba.

Ummu Rayyan:
Allah ya ba shi lafiya, ya mayar masa da alheri. Kuma gaskiyarka, takardata ba irin tasa ba ce, ban ce ya yi abin da doka ta hana ba. Amma wan matarka dukiyarsa kaf ya ɗora a kan amanar mutum ɗaya ba shaida. Wannan kuwa tsohon ƙarfe aka ce ya saya ya kwance a ɗakinsa. In ya kasa me ya rasa? Kuɗin cefanen kwana biyu.

Shi ya sa nake son in tambayi ɗan'uwana. An cire maka warsha, an cire maka jawazat, ƴan shige da fice. Tsoron ya tafi ko yana nan?

Direban Safa:
Yana nan, Hajiya.

Tunda kin tono bari in faɗa. Akwai majalisarmu ta direbobi a gefen masallacin unguwa, bayan Isha muke zama da shayi. Ni ne babba a cikinsu, sabon zuwa ni ake kawo wa in nuna masa gari. In suka ji na ajiye gawar mukayyif a ɗaki ina tona cikinta, wata guda za a yi ana shan shayi da ni. Wannan ma mai sauƙi ne. A unguwarmu a Kano Alhaji na Jidda ake ce mini. In na je hutu da jallabiya da turare, har waɗanda suka girme ni suna zuwa gaisuwa. Ace wannan Alhajin ne zai dawo ya saɓi tsani yana bin gidaje, yaro ya tsaya a kansa yana cewa Malam yi sauri? Kuma a ce bayan duk wannan ma aikin bai karɓe ni ba?

Na Kurna:
Alhaji na Jidda, ina gaisuwa. Ni ma sunan da aka kira ni da shi ke nan da na dawo, huruj niha'i, wato fitar ƙarshe, na yi daga Riyad, yanzu ina Kano. Sunan nan wata uku yake yi. Ranar da dabino da zamzam da jallabiyoyin tsaraba suka ƙare, ranar yake fara kankarewa. Ranar da ka fara cin bashin mai shago kuwa, Alhajin ma da gatse ake faɗarsa.

Ka dawo da tuƙi kaɗai, ka tarar da direbobi sun fi motoci yawa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 masu mota da yawa sun jingine ta, balle su ɗauki direba. Haƙƙin ƙarshen aikinku na ƴan aikin gida kuma kun san shi, albashin wata guda ne bayan shekara huɗu a jere, ba abin da zai sayi ko Adaidaita.

Sai dai kada ka sa rai da mukayyif kaɗai a nan. Wutar ba ta isa ba, inda take kuma ta yi tsada. Kuɗin yana wurin firji da firiza. Mai ƙanƙara, mai zoɓo da kunun aya, mai kifi, mai kemis, in firizarsu ta tsaya ba sa iya kwana ba a gyara ba, kuma da yawa sun koma sola. Na san injin ɗaya ne, Ɗan Mai Wurno zai gyara mini in na yi kuskure.

Ɗan Mai Wurno:
Ba ka yi ba. Kwamfiresa ne da gas da bututu, wanda ya gane ɗaya ya kama hanyar ɗayan. Abu biyu kawai. Firji na yanzu da yawa gas ɗinsu R600a ne, yana kama wuta, ba a kusantarsa da wutar walda da ganganci. Na biyu, bugun wutar Saudiyya 60Hz ne, na Najeriya 50Hz. In za ka sayi kayan aiki mai injin lantarki a ciki, kamar famfon zuƙe iska, ka duba jikinsa ka ga an rubuta 50/60 kafin ka biya kuɗin kaya a jirgi.

Abu Sultan:
Ni direba ne kamar shi, a Madina, kuma na ga kowa ya taru ana tura shi. Bari in faɗi wadda ba a so.

Ba kowane ja da baya ne tsoro ba, wani sanin kai ne. Wannan aiki na matasa ne. Yaushe mukayyif ke lalacewa? Tsakiyar zafi. Ku tuna hajjin 2024 da zafi ya haura digiri 51 a Harami. Hukuma da kanta ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, kuna ganin don wasa ne? Mutumin da ya shekara da shekaru a kujera mai laushi sanyi na busa shi, ga tumbi, ga ciwon baya irin namu na direbobi, shi za a ce ya hau rufin bene ya rungumi injin waje? In ya faɗo wa zai riƙe masa yaran?

Kuma tuƙi bai mutu ba. Akwai gidajen tsofaffi, akwai masu ƴaƴa da yawa makaranta daban-daban, akwai matan da ko an ba su mota kyauta ba za su tuƙa ba. Direban da ya san gari, yana jin Larabci, ba shi da muhalafa, wato laifin hanya, kafilinsa kuma zai yi masa shaida, ba ya rasa gida. Tunda maigidanka na kirki ne ka roƙe shi ya yi maka tanazul, wato ya mayar da kafalarka zuwa wani gidan. Riyal tun 1986 tana nan a 3.75 kan dala ba ta motsa ba, naira kuwa Na Kurna ya fi ni sanin halinta. Shekara biyar ɗin da za ka ƙara a nan ta fi shagon da ba ka buɗe ba tukuna.

Baban Shara Mansur:
Bayan shekara biyar ɗin kuma fa, Abu Sultan? Ya zama 49, tambayar na nan tana jiransa, gwiwa ta ƙara sanyi, ido ya fara neman tabarau.

Abu Sultan:
Allah na nan, Baba. Lokacin babban ɗansa ya kawo ƙarfi.

Baban Shara Mansur:
Allah na nan yau ma. Ɗan kuma kada a ɗora masa kaya tun bai san an auna kansa ba.

Ɗan Mai Wurno:
Abu Sultan bai yi ƙarya ba game da zafin. Na sha saukowa daga rufi ina ganin duhu-duhu, kuma ƙarfen injin waje da azahar ba ya taɓuwa da hannu tsirara. Amma a kamfaninmu masu furfura ba su ne ke ɗaukar kaya ba. Su ne a kan benci, su ake kawo wa abin da ya gagari yara. Aikin yana da ɓangaren ƙarfi, yana da na natsuwa, kuma na natsuwar ya fi kuɗi. Direban gida ai haƙuri ne sana'arsa, wanda ya iya jiran mata a ƙofar kasuwa awa uku zai iya bin yoyon gas da kumfar sabulu.

In ma nan kake son zama da sana'ar wata rana, ka sani tun 2021 akwai fahasul mihani, jarrabawa ce ta amsa tambayoyi da ta aikin hannu ga masu irin aikinmu, lantarki da famfo da sanyi. Sunan fanni a baki ba ya wadatarwa yanzu.

Almajirin Madina:
Na ji gyaran Yaya Ɗan Karantina kuma na karɓa, a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Amma ni ban ga inda maganar Abu Sultan ta ci karo da ta Ɗan Mai Wurno ba. Ya nemi tanazul ɗin, ya ci gaba da tuƙi, dare kuma nasa ne. Wa ya ce sai ya saki ɗaya?

Abu Sultan:
Ustaz, ba ka yi aikin gida ba. Daren direba ba nasa ba ne. Gidan da yake yanzu ne ya samu sarari don ba a bukatarsa. Sabon gida ƙarfe ɗaya na dare za a buga masa waya a ce a je a sayo shawarma.

Ummu Rayyan:
To ka ga ashe yanzu ne lokacin, kafin iƙamar ta ƙare. Ana biyansa yana zaune.

Maganar majalisa kuma, ɗan'uwana, za su yi dariya, kada a ruɗe ka. Ni ma an yi mini. Wata ƴar uwar mijina har cewa ta yi a faɗa wa mutanen Jidda su kwashe ƴaƴansu daga titi. Yanzu duk ranar da take da mau'idi a asibiti ni take kira, kuma a gaba take zama tana ba ni umarni.

Ka gaya wa maiɗakinka?

Direban Safa:
Ban gaya mata ba. Ko maganar iƙamar ba ta sani ba.

Ummu Rayyan:
La haula. Ka zo ka gaya wa mutum ɗari a waya, wadda za ta ci tuwon ko ta kwana da yunwa ba ta sani ba? Ka kira ta yau. Mu mata ba faɗuwar miji ce ke ƙona mana rai ba kamar mu ji ta a bakin maƙwabta. Wataƙila ma ta fara rage wani abu tun yanzu.

Direban Safa:
Zan kira ta in sha Allahu. Na gode ƙwarai, kowa da kowa, har Abu Sultan, don maganar bayan nan da ya yi kamar yana ɗakina.

Ga abin da na tsayar. Warsha ba zan je ba. Zan sami maigida in gaya masa komai, in roƙe shi abu biyu: ya bar ni in riƙa kama wa ɗan Yaman aiki a cikin gidan, kuma in lokaci ya yi ya taimaka da tanazul. Juma'a bayan La'asar in tsohuwa ba ta da fita zan leƙa Sawarik.

Ɗan Karantina:
Ni har yanzu ban gamsu ba, kuma ina nan a kan cewa rabin masu zuga mutum ba sa nan ranar kuka. Amma tunda ka nace, ka yanke adadin da za ka kashe tun yau ka rubuta a takarda, in ya ƙare ka tsaya, kada ka taɓa kuɗin makarantar yara. Kuma kada ka kuskura ka karɓi ko riyal goma a hannun maƙwabci don ka wanke masa mukayyif, daga nan ake farawa. Sawarik kuma kada ka je da wannan jallabiyar taka ta Alhaji, za su ninka maka kuɗi. Ka same ni a ƙofar masallacin, ni zan yi cinikin.

Abu Sultan:
Akwai wani gida a nan Madina da direbansu zai tafi bayan Ramadan, tsoho da tsohuwa ne kawai. Zan yi maka magana ta gefe. Ka riƙe a aljihu.

Ɗan Mai Wurno:
Kafin ku biya ku ɗauko mini hoton farantin da ke jikinsa, inda aka rubuta ƙarfinsa da irin gas ɗin. Ku nemi ɗan ƙarami mai ƙarfin sanyi 18,000, ya fi sauƙin ɗauka. Ka sayi mita mai baki kamar ƙaguwa da sukundireba mai hannun roba, sun ishe ka yanzu. Bututun gas kada ka yanke shi a cikin ɗaki. Kabasta kuma, ko an zare filogi tana riƙe wuta a cikinta, kada yatsanka ya je kan ƙafafunta sai na nuna maka yadda ake sauke ta. Ka kira ni ta bidiyo bayan sha ɗaya, lokacin na tashi daga dawam.

Direban Safa:
To in kwamfiresan ne ya ƙone fa, a saya ko a bari?

Ɗan Mai Wurno:
A saya, ya fi araha. Ba sanyi muke nema a wurinsa ba.